Agogon da ke cikin gansakuka: abin da magunguna suka tona

Duk wanda ya je tafkin Tabalak bayan damina ya san yadda ruwan bakin gaɓa ke yin kore. Wannan launi na ƙananan halittu ne dangin gansakuka, da yawansu ƙwaya ɗaya tak gare su, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Ba su da ƙwaƙwalwa, amma sun san lokaci.

A shekarun 1950, masu bincike biyu a Amurka, Beatrice Sweeney da Woodland Hastings, sun lura da wata gansakukar teku mai suna Gonyaulax da ke ƙyalli da dare. Ko an raba ta da fitowar rana da faɗuwarta, tana ci gaba da ƙyallin kusan kowane awa 24. Ke nan agogon a jikinta yake. To, da me aka ƙera shi?

Don samun amsa, sai aka riƙa zuba ma waɗannan halittu magungunan da ke tsayar da ƙera furotin, sinadarin da ƙwayar halitta ke aiki da shi. A 1967, Jerry Feldman ya nuna cewa maganin cycloheximide na rage saurin agogon Euglena, wadda ke rayuwa cikin ruwan tafkuna: yininta sai ya ƙara tsawo. A jikin Gonyaulax kuwa, an ga cewa ba ta maganin na ɗan lokaci yana gusar da agogon, kuma yawan gusawar ya danganta da sa'ar da aka ba ta. A wata sa'ar agogon ya kauce da awowi, a wata kuma da ƙyar ya motsa.

Ba kowane magani ke yin haka ba. Chloramphénicol, wanda aka daɗe ana allurarsa a Nijar lokacin annobar sanƙarau, shi ma yana hana ƙera furotin, amma ta hanyar da ta shafi ƙwayoyin bakteriya. Da aka gwada shi a kan gansakukar Acetabularia, lokacin agogonta bai sauya ba.

Darasin shi ne: agogon na buƙatar a ƙera wasu furotin a daidai lokacinsu. An ba Hall, Rosbash da Young kyautar Nobel ta 2017 kan agogon ƙuda. Irinsa ne ke jikin ɗan Adam. Shi ya sa mai gadin dare ko direban da ya kwana kan hanyar Agadez ke jin jikinsa ya rikice, ko da ya rama barci da rana.