Karatun Igiyoyin Ƙwaƙwalwa Sai da Malami

A shekarar 1924 wani likita Bajamushe mai suna Hans Berger ya fara ɗaukar motsin lantarkin ƙwaƙwalwar ɗan Adam da na'urar da ake kira EEG a yau. Daga nan aka samu fannin da ke bin sawun tunani, lura da fahimtar magana ta alamomin da suke bari a jiki. A 1965 Samuel Sutton ya gano wata igiya da ke tashi kusan sulusin daƙiƙa bayan mutum ya ci karo da abin da bai zata ba, aka sa mata suna P300. A 1980 kuma Marta Kutas da Steven Hillyard suka gano N400, wadda ke bayyana idan kalma ta saɓa wa ma'anar jimla, kamar a ce "ya sha shayi da takalmi".

Sayen na'ura abu ne mai sauƙi idan akwai kuɗi. Abin da ke wuya shi ne renon wanda zai karanta abin da ta rubuta. Igiyar da ake nema ba ta wuce 'yan kaso cikin miliyan na ƙarfin batirin tocila ba, alhali ƙiftawar ido ɗaya ko cije haƙora kan binne ta gaba ɗaya. Ɗalibin digiri na biyu ko na digirgir sai ya koyi ɗaura hular wayoyi, ya shafa man da ke haɗa waya da fata, ya rarrabe motsin tsoka da na ƙwaƙwalwa. Sai ya san cewa idan yana son tsabtar sakamakonsa ta ninka biyu, dole ya maimaita gwajin ninki huɗu. Shi ya sa ɗakin binciken Emanuel Donchin a Jami'ar Illinois ta Amurka ya yi suna wajen yaye almajirai, shi ya sa kuma waɗanda suka gama digirin digirgir ke ƙara shekaru a gaban wani gwani kafin su tsaya da ƙafarsu.

Wasu za su ce ai manhajojin kwamfuta sun ɗauke wannan wahala, horon kwana goma irin wanda Steven Luck ke shiryawa a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ya wadatar. Horon yana da amfani ƙwarai, amma Luck ɗin da kansa, tare da Nicholas Gaspelin, sun nuna a 2017 cewa mai bincike na iya fito da sakamakon bogi idan ya zaɓi wurin da zai auna bayan ya riga ya leƙa bayanan. Manhaja ba ta hana wannan. Malamin da ke zaune kusa da ɗalibi, yana tambayarsa hujjar kowane mataki, shi ne ke hanawa.

Asibitocin koyarwarmu na amfani da EEG wajen gano farfaɗiya. Amma duk jami'ar da ke son shiga binciken igiyoyin ƙwaƙwalwa, ta ware kuɗin horar da mutane kafin ta yi odar na'ura.