Ƙananan Jiragen Ƙasa na Hamburg

A birnin Hamburg na Jamus, tagwaye Frederik da Gerrit Braun suka buɗe Miniatur Wunderland, wurin baje kolin ƙananan jiragen ƙasa, a 2001. Layin dogon wurin ya haura kilomita 15, kuma kusan komai an ƙanƙantar da shi sau 87.

Duwatsun da jiragen ke ratsawa katako ne da ragar waya, aka shafe su da filasta da fenti. Cikin kowane minti 15 dare na wucin gadi kan yi a wurin, gari ya sake wayewa.

Babbar abokiyar gaba ita ce ƙura. Ta ƙarfen layi lantarki ke shiga ƙafafun jirgi, don haka datti kaɗan kan tsayar da shi cak. Shi ya sa ake sakin taragu masu goge layi, ma'aikata kuma na bin injuna da mai da ɗan buroshi.