Siyasar “Mu Talakawa” a Wayar Salula: Bayani ga Al'ummar Shiyyar Funtuwa

Kamar yadda jama'a suka sani, kiran talaka a fagen siyasa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafuwar jam'iyyar NEPU a 1950 ake yinsa a kan dandamali, a gaban jama'a. Abin da ya sauya shi ne hanya. Yanzu saƙon murya na WhatsApp da bidiyon Facebook ko TikTok kan riski manomin Bakori ko Ƙafur yana tsakiyar gonarsa, sau da yawa ba tare da sanin wanda ya naɗe su ba.

Irin wannan saƙo yana da kamanni. Yakan raba al'umma gida biyu, wato talakawa da “manya”, ya ɗora duk wata matsala a kan manyan, sannan ya nuna mutum guda a matsayin mafita. Ba mu ce koken ƙarya ne ba. Tsadar taki, da ƙarancin takardun Naira gab da zaɓen 2023, da gonakin da aka bari a Faskari da Sabuwa saboda 'yan bindiga, duk mun shaida su. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen alkawarin.

Mu ɗauki taki. Farashinsa ya yi tashin gwauron zabo a duniya a 2022, lokacin da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke, kuma darajar Dala na taɓa shi. Gwamnatin jiha na iya sayensa ta sayar da rangwame, amma ɗan takarar kansila ko na majalisar jiha ba ya da ikon yanka masa farashi, kamar yadda ba zai tsayar da kuɗin buhun masara a kasuwar Ɗandume ba. Don haka tambayar farko ita ce: kujerar da yake nema tana da hurumin abin da ya alkawarta?

Sai kuma ji-ta-ji-ta. A 2018 an yi ta yaɗa cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya rasu, an maye gurbinsa da wani Jibril daga Sudan, har sai da ya ƙaryata da bakinsa a watan Disamba.

Muna kira ga hakimai, dagatai, limamai da jami'an ƙananan hukumomi 11 na wannan shiyya, daga Funtuwa zuwa Malumfashi da Matazu, da kada su tura saƙon da ba su tantance tushensa ba, domin abin da ya fito daga wayar mai unguwa, jama'a na ɗaukarsa tamkar sanarwar hukuma. Sakamakon zaɓen gwamna, na 'yan majalisa da na shugaban ƙasa kuwa, hukumar INEC kaɗai ke da ikon bayyana shi.