Mussa Mai Kunne a Kwance

Bayan la'asar ɗan ƙanwata ya miƙo mini waya a ƙofar gidanmu a Turba. "Kawu, dubi wannan mussar, sai ka ce mujiya." Na duba. Kai kamar ƙwarya, idanu dara-dara, kunnuwa sun kwanta gaba kamar an bi su da dutsen guga. Ta zauna daɓas, ta miƙe ƙafafu irin zaman tsohuwa mai tsince shinkafa. Wai irinta yake so.

Turawa na kiran ta Scottish Fold, kuma duk gatan da take sha yau, asalinta 'yar gadin hatsi ce kamar tamu. A 1961 wani makiyayin tumaki, William Ross, ya ga wata farar kyanwa mai suna Susie a gonar maƙwabcinsa kusa da Coupar Angus a Sikotilan. Da ta haihu, shi da matarsa Mary suka karɓi ɗiya guda, suka sa mata Snooks. Daga tsatson Susie duk irin ya fito.

Da kunne a miƙe ake haifar 'ya'yan, sai wajen mako uku ya lanƙwashe. Abin da ke kwantar da shi kuwa, guringuntsi ne ya gaza. To guringuntsi ba a kunne kaɗai yake ba, yana cikin kowace gaɓa. A 2016 masu bincike suka gano cewa tangarɗar tana cikin wata ƙwayar gado da ake kira TRPV4, kuma ko daga uwa kaɗai ko uba kaɗai aka gada, ta isa. Wadda ta gada ta ɓangare biyu, tun tana ƙarama take gurguncewa: wutsiya ta yi kauri ta sandare, ƙashi ya tsiro a dunduniya, tafiya ta koma ɗingishi. Babu maganin warkewa, sai na rage zogi.

Makiyayi ne ya fara wannan kiwo, abin da ke ɗaure mini kai ke nan. A kasuwar Shinkafi, komai kyan kunnen balami, mai saye sai ya sa an zagaya da shi ya ga takunsa.

Hukumar rajistar kyanwoyi ta Ingila ta daina rubuta irin tun 1971. Amurkawa suka rungume shi, mawaƙiya Taylor Swift ma tana da guda biyu, kuma hotunansu sun ƙara wa kasuwar zafi.

Halinta ake yabo. Kyanwar Lami ce, ba cizo ba yaƙushi, kukanta ƙasa-ƙasa, tana bin mai ita ɗaki-ɗaki, tana barci a rigingine. Ban musa ba. Amma kyanwa gwanar ɓoye ciwo ce, kuma likitocin dabbobi da dama na ganin wani ɓangare na wannan sanyin hali ciwon gaɓɓai ne. Wanda amosani ya kama, ai dole ya zama mai natsuwa.

Muna cikin magana sai muzurun gidanmu, wanda rabin kunnensa ya tafi a faɗa, ya dira daga katanga ya haye rumbun gero da tsalle ɗaya. Yaron ya bi shi da kallo, ya sake duba wayar.

"Kawu, ita wannan za ta iya hawa?"

Na ce sai dai a ɗora ta.