Tsoffin motocin soja a bakin sikeli: a ceto su, ko a bar wa wuta?

Duk wanda ya taɓa ratsa kasuwar Katako a Yamai, ko ya bi ta bayan garejojin Maraɗi da Damagaram, ya san ƙarar nan ta guduma bisa ƙarfe wadda ba ta tsayawa tun hantsi har faɗuwar rana. A irin waɗannan wurare ne mota ke ƙare rayuwarta. Ana cire mata inji, a kwance ƙafafu, a yanka shasi da wutar gas, abin da ya saura a ɗora shi bisa sikeli. Mai saye ba ya tambayar shekarunta, ba ya tambayar inda ta je da wanda ta ɗauka. Kilo nawa ne, shi ke nan. Amma cikin tarin nan, jefi-jefi, idon wanda ya sani yakan faɗa bisa wata ƙofa mai launin rairayi ko kore mai duhu, da lamba wadda fentinta ke shirin gogewa. Wannan ta soja ce. Shin ita ma ƙarfe ce kamar sauran, ko kuwa akwai abin da ya kamata a tsamo daga cikinta kafin wuta ta ci?

Babu motar da ta fi dacewa a auna maganar da ita kamar Berliet, wadda tsoffin direbobi ke kira Barliye. A ƙarshen shekara ta 1959 kamfanin, wanda mazauninsa ke kusa da birnin Lyon na Faransa, ya tura kamiyo 9 masu ƙafa 6 da ake kira Gazelle, suka taso daga Wargla ta Aljeriya, suka bi ta Janet, suka keta Tenere zuwa Bilma, har suka kai Fort-Lamy, wato Njamena ta yau. Tare da su akwai masana, waɗanda suka tattaro kayan duwatsu na mutanen da a Adrar Bus. Sun kakkafa alamomin ƙarfe a hanya, kuma har bayan shekaru masu yawa matafiyan hamada suna kwatance da su. Daga wannan Gazelle ɗin ne aka fitar da ta soja, GBC 8 KT, wadda rundunar Faransa ta sayi dubbai tun daga farkon shekarun 1960. Tana ɗaukar tan 4, kuma injinta mai silinda 5 an yi shi ne yadda zai sha gazuwal, ya sha kananzir ko esansi idan babu gazuwal. Wanda ya san nisan da ke tsakanin Agadas da Dirku ya san darajar inji maras tsangwama irin wannan.

To, masu sana'ar tsohon ƙarfe suna da hujjarsu, kuma ba ƙarama ba ce. A ganinsu ba su kashe mota ba, sun raba ta ne ga masu bukata. Maƙera sun daɗe da sanin cewa babu ƙarfen da ya kai resor na babbar mota kyau wajen ƙera gatari, adda da hauya, domin yana ɗaukar kaifi kuma ba ya saurin lanƙwasa. Ƙarfen da ke riƙe ƙafafu yakan koma ƙarƙashin amalanke, alminiyom ya narke ya dawo tukunya da ludayi, tagullar radiyata kuwa tana da kasuwarta daban. Motar da ta yi shekaru tana ɗaukar bindigogi, idan ta ƙare tana noman hatsi a gonar wani talaka na Tasawa, wa zai ce an yi asara? Ɗan kasuwa ma zai ƙara da cewa kamiyo mai nauyin wajen tan 8 da ke zaune a fili kuɗi ne kwance, kuma tsatsa ba ta biyan haya.

Sai dai masu ƙera motar da kansu ba su yi mata kallon bola da wuri ba. A ƙarshen shekarun 1990, lokacin da GBC 8 KT ta tsufa, rundunar Faransa ba ta aika da ita duka wurin narkewa ba. An miƙa dubbai ga kamfanin Renault, ya riƙe shasi da abin da ke ƙarƙashinta, ya ɗora sabon inji da sabon kai, aka sake mata suna GBC 180, ta koma aiki. Ƙasar da ke da halin sayen sabo ta lissafa ta ga da tsohuwar zuma ake magani.

Ga kuma abin da ya fi shafar aljihu. Kamfanin Berliet ya haɗe da Saviem a 1978, kuma zuwa 1980 sunan ya ɓace daga goshin sabbin motoci. Yawancin kayan gyaran waɗannan motoci ba a ƙera su kuma. A Turai akwai masu neman su ido rufe: gidauniyar Marius Berliet da aka kafa a 1982 tana ajiye da ɗaruruwan tsoffin motoci, gidan tarihin motocin yaƙi na Saumur yana da fiye da 800, ga kuma ɗaiɗaikun mutane masu kashe dukiya domin tayar da mota guda. Ga irin waɗannan, famfon gazuwal ko akwatin bites mai ɗauke da farantin kamfani ya fi nauyinsa na ƙarfe daraja nesa ba kusa ba. Ingila ta kai ga ɗauko wata kamiyo Chevrolet ta yaƙin duniya na biyu daga hamadar Masar, inda ta kwana kusan shekara 40, ta kafa ta a gidan tarihin yaƙi na London da tsatsarta, ba tare da an shafa mata fenti ba. Busasshiyar iskar Sahara tana adana ƙarfe fiye da damunar Turai. Wato mai yanka irin wannan kaya ya sayar da kilo, wani lokaci yana sayar da doki ne da kuɗin fatarsa.

Akwai masu cewa, da ɗaci a bakinsu, tarihin wa za a adana? Motocin nan na mai mulkin mallaka ne, su ne suka kai sojansa Madama da Bilma. Maganar tana da nauyi, amma ba ta cika ba. Baƙar fata da yawa ne suka tuƙa su, suka kwana ƙarƙashinsu da sifana a hannu, suka tono su daga rairayi. Bayan an kafa rundunar sojan Nijar ranar 1 ga Agusta 1961, da kayan da aka gada aka soma. Kuma waɗanda suka ga fari na 1973 da 1974 suna tune da cewa bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974 soja ne suka karɓi rabon cimaka, motocinsu ne suka shiga ƙauyukan da ba mai zuwa. Yaron lakwal da bai taɓa ganin motar da ta kai wa kakarsa dawa ba, a littafi kaɗai zai ji labarin, idan ma an rubuta.

Inda dole a taka a hankali shi ne wajen tsinto. Ba kowane ƙarfen soja ba ne ya mutu. A arewacin Cadi, bayan faɗan Fada a watan Janairu 1987 da na Wadi Dum a watan Maris, sojan Libiya sun gudu sun bar ɗaruruwan tankoki da motoci, suka kuma bar nakiyoyi binne kewaye da su, waɗanda suka ci gaba da kashe mutane da raƙuma shekaru bayan an daina harbi. Nijar ma ta san nakiya a Ayar da Kawar, musamman tun tawayen 2007 zuwa 2009. Harsashin igwa da ya yi tsatsa yana iya tashi a ƙarƙashin gudumar maƙeri. Ko motar da ba ta da harsashi tana da nata dafin: agogunan gaban direba na wasu tsoffin motocin soja an shafa musu fenti mai radiyom domin su yi haske da dare, birkinsu kuma yana da amiyant, wanda ƙurarsa ke lalata huhu. Yaran da ke fasa su da hannu ba su san haka ba. Bayan wannan, kayan soja dukiyar gwamnati ne har sai an fitar da su daga aiki da takarda an yi gwanjonsu. Wanda ya saya ba takarda ya sayi rigima.

Saboda haka ba maganar ceton kome da kome ake ba. Ƙofa ta ɗari da resor na dubu, a bar wa maƙera, sun fi kowa sanin amfaninsu. Abin da ya cancanci a tsayar da wuta dominsa kaɗan ne: mota guda ko biyu cikakku daga kowane iri, injin da ke iya tashi, farantin da ke ɗauke da lamba da shekara, da karnen motar idan ya tsira daga gara. Ƙasar tana da doka mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997 bisa kare kayan gadon al'adu. Aikin da ya rage na biro ne: kafin a buga ƙararrawar gwanjo, a aika wa ma'aikatar al'adu jerin abin da za a sayar, ta zo ta zaɓa. Kuɗin da baitulmali zai rasa bai wuce na kilo ba. Ƴan kasuwar da suka yi arziki da sufuri kuwa, fansar kamiyo guda daga hannun mai sikeli ba za ta girgiza su ba.

Wurin ajiya ma akwai shi. Gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai, wanda aka buɗe a 1959, ya riga ya nuna yana iya karɓar gawar abin da hamada ta yar. A 1973 wata kamiyo ta banke itacen Tenere, kandilin nan da ke tsaye shi kaɗai tsakanin Agadas da Bilma. Aka ɗauko kututturen aka kafa shi a gidan tarihin ranar 8 ga Nuwamba na wannan shekara, aka gina masa rumfa. A gurbinsa, can bakin rijiyar, aka dasa wani itace na tsoffin bututu da tarkacen ƙarfe.