Me Ya Haɗa Sukari da Kitsen Jini?

A asibitocin Dubai, mai ciwon sukari da ke dogaro da allurar insulin kan yi gwaji biyu: HbA1c, wato matsakaicin sukarin jini na kusan wata 3, da awon kitsen jini. Insulin ne ke taimaka wa jiki kwashe kitse daga jini. Idan ya yi ƙaranci, sai sukari da kitse su hau tare, jijiyoyin zuciya su fara toshewa. Binciken DCCT na 1993 ya nuna cewa tsananta kula da sukari yana rage lalacewar ido da ƙoda. Wani zai ce ai wannan ya isa. Bai isa ba: kolestarol mai cutarwa kan ƙi sauka ko da HbA1c ya koma ƙasa da kashi 7, shi ya sa likita kan ƙara maganin statin.