Sabar ta aika imel da kanta, ko ta bi ta sabar kamfani?

Duk sabar da ke aiki a kamfani ba ta rasa saƙon aikawa: rahoton ajiyar bayanai na dare, gargaɗin cewa faifai ya kusa cika, ko saƙon sauya kalmar sirri. Mai kula da ita yana da hanya biyu. Ko ta kai saƙon kai tsaye ga sabar mai karɓa, ko ta miƙa shi ga babbar sabar imel ta kamfani ta ƙarasa da shi.

Aikawa kai tsaye ba ta jiran kowa. Sabar za ta nemo adireshin sabar mai karɓa a DNS, ta ƙwanƙwasa ƙofa ta 25, ta miƙa saƙo bisa ƙa'idar SMTP da Jon Postel ya rubuta a 1982. In saƙo ya ɓata, rajistarta kaɗai za a duba. Sai dai zamanin karɓar baƙo ba tambaya ya wuce. Google Cloud yana toshe ƙofa ta 25 ga saƙon da ke fita intanet, Amazon ma yana taƙaita ta sai an nemi izini. Tun Fabrairun 2024 Gmail ya wajabta shaidar SPF ko DKIM ga kowane mai aikawa, wanda kuma ke aika saƙo 5,000 a rana sai ya haɗa su duka biyun da DMARC. Sabar da ba a san adireshinta ba, saƙonta kwandon shara yake faɗawa, in ma an karɓa ke nan.

Bi ta sabar kamfani kuwa shiga inuwar mai suna ne. A Postfix, manhajar imel da Wietse Venema ya fitar a 1998, layi ɗaya na relayhost a cikin main.cf ya isa ya nuna inda saƙo zai bi. In sabar kamfani na neman shaida, a ƙara suna da kalmar sirri, a bi ta ƙofa ta 587 da TLS. Sa hannun DKIM da tsare mutuncin adireshi duk sun koma wuyan babbar sabar. Amma inuwar ba kyauta ba ce. Dole mai kula da imel ɗin kamfani ya amince, ya buɗe wa adireshin sabar hanya ko ya ba ta asusu, kuma wannan roƙon kan fi saitin kansa cin lokaci. Ranar da babbar sabar ta tsaya, saƙonni za su taru a layi. Postfix yana riƙe su kwana 5 kafin ya haƙura. Abin takaici, gargaɗin cewa imel ya lalace shi ma yana cikin layin. Ga kuma kalmar sirri ajiye a fayil, wadda in ɓarawo ya samu, da sunan kamfani zai riƙa aika shara.

Sabar da imel shi ne ainihin aikinta, tana da tsayayyen adireshi da mai sa mata ido kullum, ta cancanci aikawa da kanta. Wadda kuwa rahoto da gargaɗi kawai take fitarwa, gara ta bi ta sabar kamfani, a ba ta asusunta ita kaɗai, a kuma nema wa gargaɗin gaggawa wata hanyar daban kamar saƙon tes.